Fatawa: Hukuncin allurar heparin ga mai wankin ƙoda

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, daga Kawo nake a Kaduna. Ana yi wa mahaifina wankin ƙoda, kuma duk zuwa sai an sa masa heparin. Da ya ji cewa daga alade ake samunsa, sai ya ce ba zai ƙara yarda ba. Mene ne hukunci?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ya saka masa bisa tsantseninsa.

Sai an san abu ake yanke masa hukunci. A cikin jini akwai sinadaran da ke daskarar da shi, babbansu thrombin. Hanta kuma tana samar da antithrombin, wanda ke kama su ya hana su wuce gona da iri. Shi kaɗai yana da nawa, amma da zarar heparin ya manne masa, saurinsa kan ninka kusan sau 1,000. Bangon jijiyoyin jininmu yana da sinadari ɗan'uwan heparin mai wannan aiki. Bututun na'urar wankin ƙoda ba shi da shi, don haka jini kan yi gudaji ya toshe matatar idan ba a sa maganin ba.

Gaskiya ne yawancin heparin daga hanjin alade ake tace shi, kuma alade haramun ne. Malamanmu na Malikiyya sun tsananta wajen magani da najasa, Shafi'iyya kuma sun halatta shi, ban da giya, idan babu madadi. Aya ta 173 a Suratul Baƙara, wadda ta haramta naman alade, ita ce ta ɗauke laifi daga wanda lalura ta tilasta. A kan haka taron malamai da likitoci a Kuwait, a 1995, ya halatta insulin na alade ga mai ciwon sukari.

Saboda haka ku tambayi likita ko akwai madadi. Ana yin heparin daga shanu, sai dai ba ko'ina ake samunsa ba. Wani maganin hana daskarewar jini, fondaparinux, haɗin ɗakin bincike ne, amma ƙoda ce ke fitar da shi, bai dace da mai ciwonta mai tsanani ba. Idan amintaccen likita ya ce babu madadi, heparin ya halatta ga Baba gwargwadon buƙata, babu zunubi a kansa. Kada ya bar wanki, domin kiyaye rai wajibi ne.

Wallahu a'alam.