Masu Riƙon Amanar Ƙasa

'Yan'uwa cikin Almasihu, bari mu yi tunani tare a kan wata tambaya. Wanda ya ke da ƙasa, yana da iko ya yi duk abin da ya ga dama da ita?

A jihar New York ta ƙasar Amurka, kusa da garin Bedford, akwai wani kwazazzabo inda kogin Mianus ya ke bi. A gefensa akwai kurmi mai tsofaffin itatuwa, mazaunin tsuntsaye da namomin jeji. Wurin ba na gwamnati ba ne, na mutane ne. Sa'ad da aka sa eka 60 na kurmin a kasuwa, maƙwabta suka ji tsoro kada mai saye ya sare shi. Suka haɗa kai domin su saya, amma kuɗinsu bai kai ba. A shekara ta 1955 wata ƙungiya mai suna The Nature Conservancy ta ba su rancen dala 7,500, aka sayi wurin. Wannan ce ƙasa ta fari da ƙungiyar ta taimaka aka tsare. Har wa yau kurmin yana nan tsaye.

Irin waɗannan ƙungiyoyi, aikinsu riƙon amanar ƙasa ne. Wani lokaci su kan saya, wani lokaci a kan ba su kyauta. Akwai kuma hanya ta uku. Mai ƙasa ya kan riƙe abinsa, yana zaune a ciki, yana da iko ya sayar ko ya bar wa 'ya'yansa. Amma ya kan sa hannu a takardar alkawari cewa ba za a yanka wurin fegi fegi domin gine-gine ba, ba kuwa za a share kurmin ba. Alkawarin nan yana bin ƙasar har abada, ya ɗaure magada, ya ɗaure mai saye. Ƙungiyar ta kan aiki mutum ya duba, yawanci sau ɗaya a shekara, in an karya alkawari kuwa tana iya kai ƙara gaban shari'a.

Abin nan ba kyauta ya ke zuwa ba. Ƙasar da aka hana gini a kanta, kuɗinta ya kan ragu. Ko da ya ke gwamnatin Amurka ta kan rage wa mai bayarwa haraji, shi ne dai ya ɗaure hannun kansa da na jikokinsa saboda halittun da ba su da bakin yi masa godiya.

Mu da mu ke karanta Littafi Mai Tsarki, wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Cikin Farawa sura 2 an sa Adamu a gonar Adnin da aiki biyu, noma da tsaro. Cikin sura 9, alkawarin da Allah ya yi bayan ruwan tsufana bai tsaya ga Nuhu da zuriyarsa ba, ya haɗa da tsuntsaye da dabbobi duka. Cikin Littafin Firistoci sura 25 kuma Ubangiji ya hana Isra'ilawa su sayar da ƙasa har abada, gama shi ne mai ita, su kuwa baƙi ne a wurinsa. Ya umarta a bar ta ta huta kowace shekara ta bakwai, namomin jeji su ci daga abin da ta tsiro da kanta.

Wataƙila wani zai ce, mutane suna jin yunwa, me ya kai mu ga zancen tsuntsaye? Mu duba Fitowa sura 23. A can matalauta ne ke fara cin amfanin shekarar hutu, sa'an nan namomin jeji su ci ragowar. Allah bai manta da ko ɗaya ba. Tsaron ƙasa wanda ya kori talaka daga abincinsa ba nufin Allah ba ne. Haɗama kuma, wadda ba ta bar wa tsuntsu ko reshe ɗaya ba, zunubi ce.

To, mu fa? Kaɗan ne daga cikinmu za su taɓa sa hannu a irin takardar nan. Amma da yawa muna da gona, ko fadama, ko filin ekklesiya. Bari dattawa su zauna su ware wani gefe inda gatari da wuta ba za su shiga ba. Su rubuta a littafin ekklesiya, su sa masu dubawa, gama alkawarin baka ya kan mutu tare da mai shi. Iyaye kuma su nuna wa 'ya'yansu iyakar tun suna da rai.

Ranar tana zuwa da Mai ƙasa zai tambayi kowane wakili lissafi. Ubangiji ya sa a iske mu da aminci. Amin.