Wasiƙar Kanar Amirush

A watan Agustan 1958, ana tsaka da yaƙin ƙwatar 'yancin Aljeriya daga hannun Faransa, Kanar Amirush ya rubuta wa takwarorinsa kwamandoji wasiƙa. Mayaƙan FLN sun kasa ƙasar yanki shida, shi kuma yana riƙe da na uku, wato duwatsun Kabiliya. Ya sanar da su cewa ya bankaɗo wata babbar maƙarƙashiya: maciya amana sun cika rundunarsa, ya fara kakkaɓe su, su ma su bincika nasu mutanen.

Maƙarƙashiya kam akwai ta, sai dai ba wadda ya zata ba. Wani jami'in leƙen asirin Faransa, Kyaftin Paul-Alain Léger, shi ya ƙulla ta. In an kama ɗan gwagwarmaya, sai a bari ya ga takardun jabu masu nuna cewa wane da wane a daji 'yan rahoton Faransa ne, sannan a sake shi. Ya koma wurin 'yan'uwansa da sunaye a baki. A kama masu sunayen, a gana musu azaba, su ma su ambaci wasu. Ɗaruruwan mayaƙa suka mutu a hannun nasu, da yawansu ɗaliban da suka ajiye karatu a 1956 suka shiga daji. Bayan wasiƙar, annobar ta tsallaka yanki na huɗu.

To, laifin wa?

Abu mafi sauƙi shi ne mu ɗora wa Léger komai, mu ce an yaudari Amirush. Kuma lallai an yaudare shi. Ba don kuɗi ya yi ba. Ya gaskata abin da ya rubuta, yana ganin ceton 'yan'uwansa yake yi. Mu kuwa mun taso muna jin cewa niyya ita ce ma'aunin aiki, shi ya sa zuciyarmu ke son ta yi masa uzuri.

Amma uzurin bai kai ba. Léger takarda kawai ya jefa. Wanda ya yarda a nemi gaskiya da bulala da wuta, Amirush ne. Mutumin da ake ƙonawa zai ambaci sunan kowa don a ƙyale shi, saboda haka kowane bincike sai ya haifi sabbin masu laifi, kowane sabon suna kuma ya ƙara wa kwamanda yaƙini. A irin wannan tsari babu amsar da za ta iya nuna masa ya yi kuskure. Wanda ya musa, taurin kai ne. Wanda ya amsa, an samu hujja. Wannan ƙofar shi ya rufe ta da hannunsa, ba Faransawa ba.

Za a ce mana muna hukunci ne daga inuwa, da waya a hannu, alhali shi yana cikin duwatsu, jirage na shawagi a kansa, kuma 'yan rahoto na gaskiya ba ƙarya ba ne. Mun yarda. Ba mu da tabbacin za mu fi shi sanyin kai. Sai dai ɗalibin da aka kashe shi ma a cikin duwatsun nan yake, jiragen nan suna kansa, kuma don 'yancin nan ya bar gida.

Sojojin Faransa sun kashe Amirush a watan Maris 1959 kusa da Busa'ada, yana kan hanyar zuwa Tunisiya. Shekararsa 32. Yau akwai babban titi da sunansa a tsakiyar birnin Aljiyas.