Shin alheri na goge zalunci? Darasi daga Shaihu Umar

Kwanan baya ɗiyata ta dawo daga makaranta da littafin Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934. An ce su fitar da jigo da taurari da dabarun ba da labari. Sai ta ce mini: "Baba, wai Abdulkarim mutumin kirki ne ko mugu?" Wallahi sai da na yi shiru.

Ga dalili. Abdulkarim Balarabe ne da ya zo Kano sayen bayi. Ya tafi da Umar, yaron da aka sato, ya riƙe shi tamkar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Wannan alheri ne, ba musu. To amma uwar yaron fa? Ta bar gida tana cigiyar ɗanta, aka yaudare ta aka mayar da ita baiwa. Sai a Tarabulus suka haɗu, wahala ta riga ta cinye ta, ba ta jima ba ta rasu.

Dabarar marubucin a nan take. Shaihu ne da bakinsa yake ba almajiransa labarin a Rauta, cikin natsuwa irin ta wanda ya miƙa lamarinsa ga Allah. Mai karatu da gaggawa zai ɗauka ai komai ya wuce. Amma an ajiye labarin uwar a gefen nasa don mu auna da kanmu. Haƙurin wanda aka zalunta lada ne gare shi, ba ya wanke hannun da ya raba shi da uwarsa.

Jama'a, mu dubi gidajenmu na nan Sabo. Yara nawa aka kawo mana daga Arewa da sunan riƙo ko aikatau? Mukan ce ai muna ci da su, muna yi musu ɗinkin Salla. Madalla. Amma yaushe rabon yarinyar da jin muryar uwarta, alhali ga waya a aljihu? Tana zuwa makaranta kamar namu, ko talla kawai?

Na ce wa ɗiyata ta rubuta cewa Abdulkarim ya yi alheri, amma alherin bai biya uwar Umar bashinta ba. Wanda ke riƙon ɗan wani, ya tuna akwai mai kwana da tunaninsa a can gida.