Shirun Teku Da Kunnen Ɗan Adam

A shekarar 1956 Jacques Cousteau, mai binciken teku ɗan ƙasar Faransa, ya fitar da fim a kan rayuwar ƙarƙashin ruwa, ya kira wurin duniyar shiru. Na'urorin saurare sun nuna cewa teku cike yake da muryoyi. Shuɗin wel, dabbar da ta fi kowace girma a duniya, kukansa yakan kai desibel 188 a ma'aunin cikin ruwa, ya ratsa ɗaruruwan kilomita har ya iske ɗan'uwansa. Amma yawancin wannan kuka ya yi kauri ƙwarai, kunnenmu ba ya kama shi. Akwai kuma wani jatan lande da bai wuce yatsa ba, wanda ƙarar ƙugiyarsa takan kai wajen desibel 200.

Ba sai mun je teku ba. Masunta a Kogin Binuwai, nan Jimeta, sun san kurungu yana gurnani idan aka ɗaga shi, ta wurin goga ƙayarsa a gaɓarta. Dorina tana kira cikin iska da cikin ruwa a lokaci guda. Ayu ma yana da siririyar murya wadda mai tsayuwa a gaɓa ba ya ji.

Tambayar ita ce: in ba mu ji murya ba, laifin wa ne? Mun saba ɗora wa mai shiru, mu ce ai bai yi magana ba. Amma teku bai taɓa yin shiru ba; kunnenmu ne ya gaza. Da aka fitar da faifan kukan wel a 1970, mutane suka ji, tausayi ya kama su, wannan kuwa ya taimaka har dokar dakatar da farautarsa don kasuwanci ta fara aiki a 1986. Muryar tana nan tun dā, masu saurare ne suka makara.

'Yan'uwa, haka yake a gidajenmu, daga Mbamba har Jimeta. Yaron da ya daina wasa, matar da ta rage cin abinci, gwauruwar da ta koma kujerar baya, duka suna magana. Mai ƙarfin murya ba ya rasa mai jinsa. Hakkin waɗannan kuwa yana wuyanmu, gama shiru ma magana ce. Maigida, kafin ka ce gidanka lafiya lau, zauna ka tambayi wanda ya fi kowa shiru.