Manjagarar Kawu a Lambun Zighan

Zighan ƙauyen dabino ne a kwarin Bawanis, arewa maso gabas da birnin Sabha a kudancin Libiya, maƙwabcin Samnu da Tamanhint. Ruwan sama baƙo ne a wannan yanki na Fezzan, sai shekara ta zagayo ba a samu milimita 20 ba. Duk koren da ido ya gani a can, daga rijiya yake sha.

A ɗaya daga cikin lambunan garin akwai wani dattijo Bahaushe, mutumin ƙasar Maraɗi, wanda ya daɗe yana yi wa wani Balarabe aiki. Ma'aikata duk Kawu suke ce masa. Wata shekara ɗan ƙanwarsa ya biyo sahunsa ta Agadas da Dirku da Gatrun, saurayi mai ƙarfi da kaifin basira, wanda waya ba ta barin hannunsa.

Da watan Nuwamba ya kama, an sauke dabino an shanya shi a kan tamfol a gefen lambu. Rumman da ɓaure da inabin da ke ƙarƙashin inuwar dabinon suka fara zubar da ganye, ga kuma busassun zarɓa da aka sassare lokacin girbi, sun tare hanya ko'ina. Mai lambun, wanda suke kira Hajji, ya miƙa wa Kawu kuɗi, ya ce su shiga Sabha su sayo abin da za a share lambun da shi, shi kam zaɓi ya bar musu.

A shagon kayan gona saurayin ya hango injin hura ganye, irin wanda ake goyawa a baya. Ya sha ganinsa a waya, Turawa na kora ganye da shi kamar wasa.

"Kawu, ga maganin wahalarmu. Aikin mako guda, da wannan kafin azahar mun gama."

Dattijon ya ɗaga injin ya ji nauyinsa, ya ajiye. "Me yake ci, ɗana?"

"Fetur, ana gauraya shi da ɗan baƙin mai."

Kawu ya gyaɗa kai. Kowa a kudancin Libiya ya san zancen fetur. Farashin gwamnati dirhami 150 ne lita, kusan kyauta, amma gidajen man Sabha sun fi zama a rufe ko da dogon layi, a bakin titi kuwa sai an ninka kuɗin sau da yawa. Bai tsaya a kan wannan ba, sai ya sake tambaya: "To idan ya hura ganyen, ina yake kai shi?"

"Gefe mana, Kawu."

"Daga gefen fa?"

Saurayin ya yi shiru, ransa ya ɗan ɓaci. Yana ganin tsufa ne kawai ke sa Kawu gudun sabon abu. Dattijon bai ja zancen ba. Ya ce maƙwabcinsu yana da irin injin, su ara su gwada, gani ya kori ji. A ranar, kuɗin Hajji bai fita daga aljihu ba.

Washegari suka fara da tsakar gidan Hajji, wadda aka shimfiɗa wa tayil. Nan kam injin ya nuna kansa. Cikin 'yan mintoci ganye ya taru a kusurwa guda, har wanda ya maƙale a bayan tukwanen furanni. Kawu ya ce, "Madalla, a nan ya fi tsintsiya." Bai faɗa don lallashi ba, gaskiya ce ya gani.

Da ƙarfin gwiwarsa saurayin ya shiga lambu, ya murɗa injin. Ganye ya tashi, amma yashi ya riga shi tashi. Kafin ya kai bishiya ta biyar ƙura ta turnuƙe har ba ya ganin gabansa. Ganyen da ya jiƙe a gindin rumman ya lafe bai motsa ba, zarɓa kuwa ko gezau. Iska ta kwashi ƙurar ta nufi inda aka shanya dabino. Wanda ya taɓa riƙe nunannen dabino ya san danƙonsa, yashi in ya hau shi ba ya sauka da kaɗawa. Sai da Kawu ya ruga yana ɗaga hannu sannan saurayin ya kashe injin, don ƙararsa ba ta bari ya ji kira ba.

Har magariba suna goge dabino ɗaya bayan ɗaya da tsumma. Wanda ya ƙi goguwa suka ware wa awaki. Da Hajji ya zo ya ga tulin da aka ware, fuskarsa ta canza. Kafin saurayin ya buɗe baki Kawu ya ce, "Hajji, da izinina aka yi. Ni ya kamata in sa a rufe shanyar tukuna. A cire daga albashina." Hajji ya dube su duka biyu, ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya wuce. Wannan magana ta Kawu ta fi faɗa zafi a zuciyar saurayin.

Bayan sallar isha dattijon ya ɗauki tocila da buta ya ce ya biyo shi. A gindin wani ɓaure da injin ya bi, ya haska: ƙananan saiwoyi farare sun fito fili, ƙasar ta koma yashi zalla. Ya tsiyaya ruwa, nan take ya shige, ko alamarsa ba a gani. Suka matsa gindin da injin bai kai ba. Kawu ya yaye ganyen sama, ya damƙo baƙar ƙasa mai laushi, kaurinta bai wuce yatsu uku ba, ya sa wa saurayin a tafin hannu. Tana da sanyi, tana ƙamshin damina. Ya zuba mata ruwa, ta riƙe.

"Ka san daga ina wannan ta zo? Ba Allah ya saukar da ita haka a Zighan ba, ganyen shekarun baya ne da kashin awaki. Ita ce lambun. In ta tafi, abin da ya rage hamada ce da rijiya."

Abin da bidiyon waya ba ya nunawa ke nan. A Amurka da Ingila ana hura ganye ne a kan shimfiɗaɗɗiyar ciyawa wadda saiwoyinta suka kama ƙasa, ruwan sama kuma ya danne ƙura. Ko a can ma ba kowa ke son injin ba: birnin Washington ya hana amfani da mai shan fetur tun 1 ga Janairun 2022 saboda ƙara da hayaƙi. A ganina injin ba shi da laifi, an ƙera shi ne don wata ƙasa daban, kuma don mutanen da ganye ya zame musu shara.

Da suka koma Sabha, saurayin ne da kansa ya riƙa tambaya. Ya ɗauki manjagarar ƙarfe, Kawu ya tuna masa da siraran tiyon ban-ruwa da ke kwance tsakanin bishiyoyi, haƙoran ƙarfe za su huda su. Sai suka ɗauki ta roba mai faɗin baki don jan ganye, ta ƙarfen kuma guda ɗaya don juya taki. A wajen baro suka daɗe. Mai tayar iska ya fi sauƙin turawa, amma ƙayar gindin zarɓa tsawonta ya kai ɗan yatsa, kullum sai faci, don haka suka zaɓi mai tayar roba zalla. Suka ƙara da safar hannu ta fata da dogayen takalman roba, saboda kunama na son kwanciya a ƙarƙashin tarin ganye. Tsintsiya ba su saya ba. Busasshen kan dabinon da aka tsinke 'ya'yansa, in an ɗaure biyu wuri guda, ya ishi shara. Canjin da ya rage Kawu ya mayar wa Hajji.

Wani ma'aikaci ya ce a cinna wa zarɓar wuta a huta. Kawu ya hana. Gashin jikin dabino yana kama wuta nan da nan, in iska ta taso lambun maƙwabci ma ya tafi. Aka jera zarɓar aka yi shingen tare iska da yashi.

Ganyen kuwa rami suka haƙa masa a inuwa: a zuba ganye, a bi da kashin awaki, a yayyafa ruwa, a sake wani ganyen, a rufe da tsohon buhu, duk mako biyu a juya. A lungunan da baro ba ya shiga, saurayin ya kawo dabarar shimfiɗa tamfol a ja ganyen a kai, mutum biyu su kama su kai rami. Kawu ya yaba, ya ce shi tsawon zamansa bai taɓa tunanin haka ba. Zuwa watan Maris takin ya yi baƙi ya ruɓe, aka zuba shi a gindin ɓauren nan da fangalin albasa. Injin maƙwabci kuwa, in za a share tsakar gidan tayil har yanzu ana aro shi.

Mai karatu, ko kana Kano ko Katsina ko Maraɗi, ka san hayaƙin da ke tashi a unguwa da hunturu, in an tara ganyen darbejiya da na mangwaro an cinna musu wuta, alhali gonakinmu na jigawa suna neman taki, buhun takin zamani kuma ya fi ƙarfin talaka. Bana ka samu manjagara da shebur, ka haƙa rami a bayan gida ka zuba ganyen nan, ka tsince leda daga ciki. Kafin damina ta sauka ka samu abin kai wa gona.