Baƙo, Tafki da Haƙƙin Maƙwabta

Mai wasan zamiya a kan ruwa, wanda ke ɗaure ƙafafunsa a kan allo jirgi mai inji na jansa da igiya, in ya sauya gari a Amurka yakan fara cigiyar tafki tun bai gama kwance kaya ba. Tambayar da ya kamata ya fara yi ita ce: ruwan da kowa ke da rabo a cikinsa, har ina rabon mutum ɗaya ya tsaya?

Jiragen wannan wasa ana cika musu tankuna da ruwa don su yi nauyi, su tayar da babbar igiyar ruwa a bayansu. Igiyar ruwan nan ba ta tsayawa inda mai wasa ya tsaya. Tana isa gaɓa ta zaftare ƙasa, ta girgiza kwalekwalen mai kamun kifi, ta motsa lakar ƙasan tafki. Shi ya sa a 2024 jihar Vermont ta taƙaita irin waɗannan jirage: sai a ruwa mai zurfin ƙafa 20, nesa da gaɓa da ƙafa 500.

Malaman fiƙihu sun daɗe da magana a kan rabon mutum a ruwan jama'a. Ruwan kogi da tafki na jama'a ne, amma amfanin da zai cutar da wani ba ya halatta. Wasa halal ne, sai dai halaccinsa bai ɗauke wa baƙo nauyin tambayar mutanen gaɓa ba.

Akwai kuma mafita. Injiniyan Jamus Bruno Rixen ya ƙera wayar sama mai jan 'yan wasa ba tare da jirgi ba, kuma yau Jamus cike take da wuraren wasa masu irin wannan waya a kan ƙananan tafkuna.