Kafin Ka Ɗora Kare A Kwale-kwale

Ɗana, ruwa ya fara janyewa daga fadama, kuma na ga kai da tsararrakinka kun duƙufa kan gyaran kalli da ɗinkin koma, kuna shirin barin Disina ku bi kifi. Wasu za su tsaya nan kusa, wajen Jama'are da Katagum, wasu sai Gashuwa inda ruwanmu ke gamuwa da na Haɗeja, masu dogon zango kuma su karkata Nguru. Na kuma ji zancen da ke yawo a tsakaninku, wai bana da kare za a tafi, domin ɓarayin kifin banda sun dame ku, ga ɓera, ga guza, mutum ya kwana a ruwa ya dawo ya tarar an yashe masa bukka. Ban hana ka ba. Amma ka ba ni aron kunnenka tukuna, don kare a tudu daban, kare a kan ruwa daban.

Fara da tambayar kanka aikin da zai yi maka. Addininmu bai bar wannan ƙofa a buɗe haka kawai ba. Risalar Ibn Abi Zaid da muka karanta a zaure ta kawo dalilan da ake ajiye kare dominsu: gona, da dabbobin kiwo, da farautar da mutum ke ci da ita. Malamai da yawa sun haɗa gadin dukiya a wurin da ake tsoron sata cikin wannan izini, kuma bukkar masunci a bakin kogi ta fi kama da gona fiye da ɗakin kwana. Je ka tambayi malamin unguwarku ya warware maka. Abin da nake so ka riƙe shi ne, in don tsaron banda da kayan su ne, kana da hujja. In kuwa don a gan ka da kare a gaban jirgi ne abokai su yi ta sowa, ba ka da ita. Mazhabarmu ta Malikiyya ba ta ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba, amma ƙwaryar da ya sa baki a ciki sai an wanke ta sau 7. Jirgin da kake cin abinci a cikinsa, kake ajiye butarka da buzun sallarka, bai fi ɗan tsakar ɗaki ba. Saboda haka tun ranar farko karen ya samu kaskonsa, ya san kusurwarsa.

Akwai mutanen da suka riga mu zama da kare a kan ruwa. A Ingila har yau akwai iyalan da gidansu jirgi ne, a cikin magudanan da aka haƙa tun ƙarni na 18 don jigilar kwal da kayan masana'anta. Jiragen sirara ne, faɗinsu bai kai ƙafa 7 ba. A Beljiyam kuma an san matuƙan jiragen dakon kaya da wani ɗan baƙin kare da ake kira Schipperke, wanda da wuya ya kai kilo 9, aikinsa kashe ɓera da yin haushi in baƙo ya doso. Ba cewa nake ka nemo irinsa ba, yanayinmu ba nasa ba ne. Ka dai lura da abin da masu zaman jirgi suka zaɓa bayan dogon gwaji: ƙarami, mai kunne, mai iya zama wuri ɗaya.

Na faɗi haka ne don na san inda idonku yake. Kuna ganin manyan karnukan Turawa a Facebook, ko a gidajen masu hali a Azare da Bauchi, irin wanda ake kira karen 'yan sanda da sauran masu gashi buzu-buzu, ranku ya biya. Namijin karen 'yan sanda yakan kai kilo 30 zuwa 40. Ka ɗora wannan nauyi a kwale-kwalen katako, sannan ya hangi tsuntsu ya zabura gefe guda, kai da kalli da kifin duk kun tafi. Gashinsa in ya jiƙe ba ya bushewa da wuri, ƙuma da kaska su samu maɓoya, fata ta ruɓe. Watan Afrilu zafin ƙasar Katagum yakan haura digiri 40, kuma a tsakiyar ruwa babu inuwa. Abin da zai ci a rana ya ishi mutum. Ba muguntar karen ba ce, an dai fitar da irinsa ne don wata ƙasa da wani aiki.

Karenmu na gida, mai gajeren gashi da tsayayyen kunne, shi ne naka. Bai cika wuce kilo 20 ba, yana jure zafi, yana jure kaska fiye da baƙo, in ya fito daga ruwa ya girgije nan da nan ya bushe. Kunnen da ke tsaye iska na shigarsa, ba ya tara danshi ya yi ɗoyi kamar mai faɗowa. Sai dai ko a cikin na gidan akwai zaɓi. Guji jinin karen farauta, dogon nan mai shafaffen ciki da mafarauta ke alfahari da shi. Ƙafarsa ta gudu ce, hankalinsa na kan duk abin da ya motsa. Ka kulle shi a jirgi ka zalunce shi, ka sake shi a zango ya bi awakin Fulani ya jawo maka shari'a.

Nemi kwikwiyo daga karyar da ta tashi a bakin ruwa, a gidan masunci ko mai lambun fadama da ka sani. Kalli uwar da kyau kafin ka kalli 'ya'yan. In tana haushin baƙo amma mai gida na tsawatawa ta yi shiru, jini ne mai kyau. In kuwa sai an ɗaure ta kafin ka shiga gidan, ko tana ɓuya tana karkarwa, yi sallama ka wuce. A cikin 'ya'yan kada ka ɗauki mai danne 'yan uwansa yana cizo, kada kuma ka ɗauki wanda ya raɓe a lungu. Ka tafa hannu da ƙarfi. Wanda ya firgita kaɗan sannan ya dawo yana shinshinarka, shi ne. Ɗaga shi ka kwantar a cinyarka, in ya ɗan yi mutsu-mutsu ya natsu, zai natsu a jirgi. Duba ido babu kwantsa, dasashi ja ne ba fari ba, ciki bai kumbura da tsutsa ba. Kada ka raba shi da nono kafin mako 8. Game da kuɗi kuwa, malamai sun saɓa kan sayar da kare ko da na gadi ne, shi ya sa iyayenmu ke roƙa su ba da tukwici. Bi sawunsu.

Babban kare da ba ka san asalinsa ba, ko kyauta aka ba ka, kada ka karɓa. Fatake na tara karnuka daga ƙauyukan Arewa su kai kasuwar Dawaki da ke Kanke a jihar Filato, a cakuɗe, mai lafiya da maras lafiya a keji ɗaya. Wanda ya fito daga irin wannan hanya ba ka san abin da ya cije shi ba makon jiya.

Mace ko namiji, kowanne da nasa. Karya ta fi zama kusa da bukka, amma sau biyu a shekara za ta tara maka karnukan ƙauye, bayan wata biyu ka wayi gari da 'ya'ya. Namiji yawo ne matsalarsa. In likitan dabbobi zai dandaƙe maka shi, ka huta.

Hausawa sun ce ba a kiwon kare ranar farauta, kuma wanda kake shirin ɗauka yau ba zai yi maka gadin bana ba. Watanninsa na farko su ne na koyo. Sa shi a cikin jirgi tun jirgin na kan yashi, ka ba shi abinci a ciki, ya kwana a ciki. Da rani, lokacin da kogi ya tsinke ya zama kududdufai, ka shiga da shi inda ruwa bai wuce gwiwa ba, ya bi ka da kansa. Kada ka ɗauke shi ka wurga don ya koyi iyo, tsoron da zai shige shi ranar ba zai fita ba. Kalma biyu sun ishe shi: zo, da kwanta. Wanda bai iya kwanciya da umarni ba bai isa hawa ruwan Agusta ba, lokacin da kogin Bunga ke saukowa da ruwan duwatsun Jos yana cin gaɓa. A jirgi kuma kada ka ɗaure shi da igiya ko kaɗan, domin in jirgi ya kife, sakakken kare zai fita, ɗaurarre kuwa ya bi katako. Rufe mamari da duk ƙugiyar da ke da abinci a jiki. In fito kake yi ranar kasuwa, da mata da yara da tumaki, bar shi a tudu, don mutum ɗaya ya razana ya miƙe tsaye ya isa ya hallaka jirgi guda.

Yanzu ga inda na fi so ka natsu, maganar hanjin kifi. Kai ba ka san kurkunu ba, mu mun san shi. Mun ga magidanta kwance da damina, tsutsa na fita daga ƙafa ana naɗe ta a tsinke, gona na cin ciyawa. Binciken 1988 ya samu sama da mutum 650,000 da cutar a Najeriya. Aka yi shekaru ana tace ruwa, ana haƙa rijiyoyin burtsatse, Janar Yakubu Gowon da Cibiyar Carter na zaga ƙauyuka, har aka ga na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba mu shaidar rabuwa da ita a 2013. To, a 2012 sai aka fara ganin tsutsar a jikin karnukan masunta a bakin kogin Shari na ƙasar Cadi. A 2016 sun haura 1,000, a 2019 sun kusa 2,000, daga baya aka same ta a karnukan arewacin Kamaru. Masana sun fi karkata ga cewa ta ɗanyen hanjin kifi da kwaɗi take shiga: ƙananan ƙwarin ruwa ne ke ɗauke da 'ya'yanta, kifi ya haɗiye su, masunci ya feɗe ya watsa wa kare hanjin. Bayan kamar shekara tsutsar ta ɓullo a ƙafarsa, ya shiga ruwa don ya ji sanyi, ta zuba dubban 'ya'ya a inda mutane ke ɗiba. Ba ta da allura, ba ta da ƙwaya. Abin da ake yi a can shi ne binne hanji da ɗaure karnuka a lokacin da take fita. Kogin Shari a Tafkin Cadi yake zuba, tafkin da ruwan Disina ma yake nufa ta Komadugu Yobe, kuma masuntanmu da nasu zango ɗaya suke sauka. Don Allah, ɗana, haƙa rami ka binne hanji. Dafa masa kifin ka cire ƙaya, musamman ta kurungu mai tokare maƙogwaro, ka haɗa da ƙanzo ko ragowar tuwo. In ka ga farin zare na fita daga ƙafar kare, ɗaure shi nesa da ruwa ka sanar da ma'aikatan lafiya a ranar. Wahalar da iyayenka suka sha kafin a kori cutar nan ba ta cancanci a mayar da ita baya ta hannunka ba.

Ka kuma kawar masa da maganin ɓera da galan ɗin maganin feshi. Albasar lambu ma in ta yi yawa a abincinsa tana ɓata masa jini.

Sai haukan kare, wanda shi kam yana nan tare da mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake cizo yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alama ta bayyana ga mutum, ya fara tsoron ruwa yana shaƙewa, sai dai addu'a. Rigakafinsa kuwa mai sauƙi ne. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, wadda ke aiki tun 1924, tana yin allurar. Kwikwiyo na cika wata 3 ka kai shi ofishin likitan dabbobi a yi masa, a maimaita duk shekara, ka adana takardar a leda tare da katin shaidarka. Kai da kake sauka a garuruwan mutane, ranar da ya yagi ɗan wani, takardar nan ce za ta tsaya maka gaban mai gari da Sarkin Ruwa.

In cizon ya auku, ko naka ne ya yi ko na wani, kada ka tsaya ƙona gashin karen kana shafawa, kada ka ɗaure ciwon. Wanke shi da sabulu da ruwa mai zuba har minti 15, sannan a kama hanyar asibiti a ranar, in babu allurar a kusa a wuce babban asibitin tarayya na Azare. Cutar kan yi wata 2 ko 3 a ɓoye, warkewar ciwo a fata ba shaidar tsira ba ce. Karen kuma a tsare shi kwana 10 ana dubawa, a gaya wa likita abin da aka gani.

A zango ɗaure shi a inuwa da doguwar igiya, da ruwa mai tsabta a gabansa, ka sake shi safe da yamma ya motsa ƙafa. Cire masa kaska duk dare. Ka san labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, to wanda ka ɗauko da hannunka ya fi wancan haƙƙi a kanka. Idan kamun bana ya ƙare, da shi za ka dawo Disina. Ba a barin sa a tsibiri ya zama karen daji mai bin yara.

Ka lissafa kuɗin allura, da abincinsa na kullum, da haƙurin wata shida kafin ya amfane ka. In aljihunka da halinka za su ɗauka, je ka zaɓi kwikwiyonka tun yanzu. In ba za su ɗauka ba, bar shi wurin uwarsa, ku raba kwanan gadi tsakaninku kamar yadda muka yi. Allah ya tsare hanya, ya ba da sa'ar kamu.